Daga duwatsun Keita zuwa batirin waya: abin da girman ayon ke ƙullawa a ɓoye

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Keita, ko ya gangara ta Buza ya nufi Madawa, ba zai rasa ganin duwatsun Adar ba. Samansu ja ne wur kamar an barbaɗa tsatsa, gindinsu kuwa fari-fari da ruwan ƙwai. A cikin wannan sashe mai haske ne mutanen ƙauyuka suka daɗe suna tonon wani dutse mai ƙyalli kamar fasasshen gilashi, wanda farce ma kan iya karce shi. Jips ake ce masa. Ana tara shi tsibi-tsibi a bakin hanya, manyan motoci su kwashe zuwa masana'antar siminti ta Malbaza, inda ake zuba kaɗan daga cikinsa don kada siminti ya yi saurin daskarewa a hannun magini.

Wani rahoto da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 1999 kan aikin yara a ƙananan wuraren haƙar ma'adinai ya ambaci jips ɗin Madawa, tare da kanwar Boboye da gishirin Gaya. Wahalar yara ce ta haɗa su a takarda ɗaya. Amma a wajen masu ilimin sinadarai akwai wata alaƙar: kanwa na iya kashe gona, jips kuma na iya tayar da ita. Dalilin yana cikin wani darasi da ɗaliban aji na ƙarshe ke haddacewa don jarrabawar BAC, su manta da shi washegari, wato yadda girman ayon ke sauyawa.

Mene ne ayon, me ya sa yake kumbura ko ya tsuke?

Kowane abu an gina shi ne da atam. A tsakiyar atam akwai cibiya mai ɗauke da firoton, masu caji na ƙari, a kewaye kuma ilektiron ne ke shawagi hawa-hawa, masu caji na ragi. Muddin adadinsu ya zo ɗaya, atam ba shi da caji. Da zarar ya yar da ilektiron ko ya karɓo na wani, ya zama ayon.

Gishirin miya ya isa misali. Sodiyam yana da firoton 11 da ilektiron 11, jere a hawa uku: 2, 8, sai 1 tilo a waje. Idan ya ba da wannan tilon, hawa na uku ya ruguje gaba ɗaya. Masana na auna irin wannan girma daga cibiya zuwa gefe da ma'aunin pikomita, kuma pikomita biliyan ɗaya ne ke cika milimita guda. Atam ɗin sodiyam yana kai pikomita 186, ayon ɗinsa kuwa 102 kacal. Kulorin akasin haka yake yi. Yana da firoton 17, ya karɓi ilektiron na 18, sai ilektiron ɗin suka shiga ture juna alhali ƙarfin cibiya bai ƙaru ba. Daga pikomita 99 ya kumbura zuwa 181. Ke nan a cikin ƙwayar gishiri, wanda ya fi girma tun asali shi ne ya koma ƙarami.

Ƙa'ida ta biyu ita ce idan ana gangarowa a layi ɗaya na jadawalin Mendeleyev, girma ƙaruwa yake yi, domin kowane mataki ƙarin hawa ne: litiyam 76, sodiyam 102, potasiyam 138, rubidiyam 152, siziyam 167. Wannan ba ya ba ɗalibi wahala.

Inda ake faɗuwa a jarrabawa shi ne ta uku. Akwai ayon biyar da kowannensu ke da ilektiron 10 daidai, amma girmansu ya sha bamban: na oksijin 140, na fulorin 133, na sodiyam 102, na magniziyam 72, na alminiyam kimanin 54. Abin da ya raba su shi ne yawan firoton: 8, 9, 11, 12, 13. A ɗauka awaki goma ne a kowane garke. Garken da ke da makiyaya 13 zai fi taruwa wuri ɗaya fiye da mai makiyaya 8. Haka ma ƙarfe: idan ya rasa ilektiron biyu yana wajen 78, idan ya rasa uku ya koma wajen 65. Wannan na biyun shi ne ke ba saman duwatsun Adar jan launinsu.

Wa ya auna abin da ba a gani?

Tambaya ce da ta dace, domin sai an jera ayon ɗin sodiyam kusan miliyan 5 kafin a cika milimita ɗaya. A 1913 ne William Henry Bragg da ɗansa Lawrence, a Ingila, suka haska ƙwayar gishiri da hasken X, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, suka gano yadda sodiyam da kulorin ke jere ɗaya bayan ɗaya. Tazarar da ke tsakanin cibiyoyinsu pikomita 282 ce. Sai dai tazara ce kawai aka samu, ba a san nawa ne rabon kowa a ciki ba. Victor Goldschmidt a Norway ya fitar da nasa rabon a 1926, Linus Pauling a Amurka ya fitar da nasa a 1927, kuma ba su yi daidai ba: ɗaya ya ba ayon ɗin oksijin 132, ɗayan ya ba shi 140. Alƙaluman da ke cikin yawancin littattafai a yau, har da na wannan rahoto, na Robert Shannon ne na 1976.

Akwai abin da malamai ba su cika tsayawa a kansa ba, kuma a ganina ya fi haddar lambobin muhimmanci. Ayon ba ƙwallon ƙarfe ba ne mai tsayayyen gefe. Girmansa ya danganta da yawan maƙwabtan da suka kewaye shi. Sodiyam ɗin nan mai 102 idan maƙwabta shida ne, yakan koma 99 idan huɗu ne, ya kai 118 idan takwas ne. Kamar fasinja a motar kasuwa: gwargwadon yadda aka yi lodi, gwargwadon wurin da zai ci.

Rigar ruwa

A cikin ƙasar noma da jikin mutum, ayon ba ya yawo tsirara. Yana jawo ƙwayoyin ruwa su lulluɓe shi kamar riga. Abin mamakin shi ne ƙaramin ayon ya fi babba kaurin riga, saboda cajinsa a dunƙule yake wuri guda, ya fi ƙarfin jan ruwa. Shi ya sa jerin ke juyewa a cikin ruwa: litiyam, ƙaramin cikinsu, ya kai wajen pikomita 380 da rigarsa, sodiyam wajen 360, potasiyam wajen 330. A nan ne darasin aji ya sauko gona.

Yumɓu, idan aka duba shi da na'ura, faifai ne sirara ƙwarai da aka jibga kan juna. Tun lokacin da faifan ke haɗuwa, wasu ayon kan zauna a gurbin wasu saboda girmansu ya yi kusa: alminiyam a gurbin silikon, magniziyam a gurbin alminiyam. Mai shigowa cajinsa bai kai na mai gurbin ba, don haka faifan ya kasance kullum da cajin ragi, yana neman ayon masu cajin ƙari su manne masa. Wannan ne sirrin da ya sa laka ta fadama ke riƙe taki, jigawa kuwa ruwa ɗaya ya wanke shi.

To, waɗanne ayon ne za su manne? Sodiyam 102 ne, kalsiyam 100. Kusan tagwaye ne a girma, amma halinsu ba ɗaya ba. Kalsiyam caji biyu gare shi, yana kama faifai biyu ya matso da su, ƙasa ta dunƙule ƙanana-ƙanana, a samu kafofin da ruwa da iska da saiwa za su bi. Sodiyam caji ɗaya ne, ga kaurin riga, riƙonsa sako-sako ne, yana tsayawa nesa da faifan. Idan ya yi yawa, faifan sai su rabu, su watse cikin ruwa, su toshe kafofin ƙasa. Mai lambu zai ga ruwa ya kwanta a fangali ya ƙi nutsewa, idan kuma ya bushe ƙasar ta yi tauri kamar daɓe, tsiro ya kasa fasa ta. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda ɗakin binciken gishirin ƙasa na Amurka ya fitar a 1954, ya ce idan sodiyam ya mamaye kashi 15 cikin 100 na guraben da ke jikin yumɓu, ƙasar ta kamu.

Kanwa ta fi gishirin miya ɓarna a nan. Ita ma sodiyam ce, amma haɗe da kabonat, shi kuwa kabonat yana kama kalsiyam ɗin da ke cikin ruwa ya mayar da shi farar ƙasa da ba ta narkewa. Wato yana kawar da mai gadi ya bar wa sodiyam fili. An yi nazarin irin wannan lalacewa a ƙasarmu, a yankin Lossa da ke kwarin kogin Isa.

Ina Keita a cikin wannan?

Sai an yi hattara, kada a ɗora wa sodiyam laifin da ba nasa ba. Faƙon da ya addabi Keita bayan farin 1973 da na 1984 ba kanwa ce ta haifar da shi ba. Itatuwa ne suka ƙare, iska da ruwan sama suka kwashe ƙasar sama, ɗigon ruwa ya daddaɓe abin da ya rage. Maganinsa kuwa shi ne wanda aikin raya karkara na Keita ya fara a 1984, da kuɗin Italiya, da jagorancin hukumar FAO, da abincin hukumar PAM: jera duwatsu, haƙa ramuka a jikin tuddai, gina madatsun ruwa a ƙoramu, dasa miliyoyin itatuwa. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun nan a ka, domin da yawa daga cikin maza suna ci-rani.

Maganar ayon ta taso ne daga abin da ya biyo baya. Ruwa ya tsaya a kwaruruka, noman rani ya bunƙasa, albasa ta zama abin da Adar ke tinƙaho da shi, daga Galmi har kwarin Tarka. Yau ɗan ci-rani a Abijan ko Legas ko Tamanraset, idan ya tara ɗan abin hannu, cikin abubuwan da yake fara turo wa gida akwai kuɗin injin ban-ruwa, ko na haƙa rijiyar burtsatse, ko na faifan sola. Babu ruwan ƙasa da ba ya ɗauke da narkakkun ayon. A zafin watan Maris da Afrilu ruwan ya tashi sama, su kuma su zauna. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta guda lita 10,000 ce. Idan kowace lita na ɗauke da rabin giram na gishiri, aka kuma zuba wa albasa milimita 600 a kaka ɗaya, an sauke wa hektar nan tan 3 na gishiri ke nan. Damina mai kyau takan wanke wani kaso, idan ruwa na da hanyar wucewa ƙasa. Ita kuwa albasa, a jerin hukumar FAO, tana cikin kayan lambun da suka fi kasa jure gishiri.

Sa'ar da Adar ta yi tana cikin duwatsunta. Shekaru sama da miliyan 55 da suka wuce, teku ne ya rufe wannan yanki, shi ya sa har yau yara ke tsintar katantanwar teku da ta zama dutse a kan tuddai. Tekun ya janye ya bar farar ƙasa da jips, dukansu kuma kalsiyam ne. Amma ba aikinsu ɗaya ba. Farar ƙasa da ƙyar take narkewa, musamman a ƙasar da kanwa ta riga ta kama. Jips kuwa lita ɗaya ta ruwa na narkar da sama da giram 2 nasa, fiye da ninki ɗari na farar ƙasa. Idan aka niƙa shi aka barbaɗa a gona, kalsiyam ɗinsa na ture sodiyam daga jikin yumɓu, kowane ɗaya ya kori biyu, sai a kwarara ruwa mai kyau ya tafi da korarrun ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. Da wannan dabara aka farfaɗo da filaye masu yawa a jihohin Haryana da Uttar Pradesh na Indiya, ƙarƙashin jagorancin cibiyar binciken gishirin ƙasa da ke Karnal.

Ba maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Ana maganar tan-tan ne a kowace hekta, ba mudu ba. Idan kuma ruwa ba shi da mafita a ƙasa, an yi aikin banza, sodiyam ɗin zai dawo sama. Gonar da matsalarta yawan gishiri ne kawai, ba sodiyam a jikin yumɓu ba, wanki take buƙata, jips ba zai ƙara mata komai ba. Duk da haka abin lura ne a ce dutsen da ake saye da tsada a wasu ƙasashe don gyaran gona, a nan hanya ɗaya kawai muka san masa, ta Malbaza.

Potasiyam ma na da nasa labarin, kuma ya shafi duk mai sayen buhun 15-15-15. A jikin faifan wasu nau'o'in yumɓu akwai ƙananan ramuka da suka yi daidai da girman potasiyam. Da yake rigarsa ba ta da kauri, yakan tuɓe ta cikin sauƙi ya faɗa ramin, faifan su rufe a kansa. Amoniyam, wanda takin yuriya ke rikiɗa ya zama, girmansa kusan ɗaya ne da potasiyam, shi ma yakan maƙale haka. Takin bai ɓata ba, ajiya ƙasar ta yi, sai dai a hankali take sakinsa, ba lallai a kakar da manomi ke jira ba.

Idan jiki ya yi kuskuren gane baƙo

Jikin ɗan Adam ma da girma da caji yake tantance ayon. A 1998 Roderick MacKinnon ya nuna siffar ƙofar da potasiyam ke bi a jikin ƙwayoyin halitta, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2003. Ƙofar na barin potasiyam mai 138 ya wuce, ta hana sodiyam mai 102. Yaya ƙarami zai kasa bin inda babba ya bi? Amsar na cikin rigar ruwa. Kafin a shiga sai an tuɓe, kuma ƙofar an yanka ta daidai jikin potasiyam, tana rungumarsa ta ko'ina ta maye masa gurbin rigar. Sodiyam ya yi mata ƙanƙanta, ba ta kama shi da kyau, don haka ya gwammace ya zauna waje da rigarsa. Bugun zuciya da saƙon jijiya duk sun dogara da wannan tantancewa.

Amma ana iya yaudarar jiki, kuma ƙasar Hausa ta ɗanɗana hakan sau biyu a zamaninmu. Ƙashi da haƙori an gina su ne da wani ma'adini mai gurbin ayon ɗin haidiroksil, mai girman pikomita 137. Fuloraid 133 ne, cajinsu kuma ɗaya, don haka yana shigewa gurbin ba tare da an tambaye shi ba. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Idan ya wuce kima, haƙora su yi ja, ƙasusuwa su lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita. A Tibirin Gobir, kusa da Maradi, ruwan wata rijiya mai zurfi da aka fara sha a tsakiyar shekarun 1980 ya ninka wannan iyaka, ɗaruruwan yara suka tashi da nakasar ƙafafu kafin a gane daga ina abin yake. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano.

Na biyu shi ne Zamfara a 2010. Dalma tana da caji biyu kamar kalsiyam, girmanta 119, kusa da 100 na kalsiyam. Jikin yaro mai girma, da ke neman kalsiyam ido rufe, sai ya karɓe ta ya kai ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum.

Wayar da ke hannunka

Mai karanta wannan a waya yana riƙe da misali na ƙarshe. Batirin litiyam, wanda ya jawo wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019, yana aiki ne saboda ayon ɗin litiyam ƙarami ne kuma marar nauyi. Yana kutsawa tsakanin faifan giraf, baƙin abin da ke cikin fensir, idan ana caji, ya fito idan ana amfani da wayar, sau ɗaruruwa ba tare da ya rusa gidan ba. Sodiyam ya fi litiyam araha nesa ba kusa ba, ga shi a teku, ga shi a Bilma, ga shi a kanwa. Amma ya fi girma da nauyi, kuma ba ya samun zama a cikin giraf, sai da aka nemo masa wani nau'in gawayi mai manyan kafofi. Kamfanin CATL na ƙasar Sin ya gabatar da batirin sodiyam a 2021. Bai kai na litiyam ɗaukar wuta a kowane kilo ba, sai dai ga batirin da zai zauna wuri ɗaya a gefen faifan sola a bakin lambu, nauyi ba shi ne abin damuwa ba.

Ga wanda ke shirin turo kuɗin rijiya gida, gwajin ruwa a ɗakin bincike bai kai ko kusa da kuɗin haƙa ba, kuma abu uku ya kamata a nema a takardar sakamako: yawan gishiri gaba ɗaya, yawan sodiyam idan aka gwada da kalsiyam da magniziyam, sai fuloraid idan za a sha. Cibiyar INRAN na da ɗakin gwajin ƙasa a Yamai. Kafin a kai can ma akwai gwajin da ƙane zai iya yi a gida ya turo hoto ta WhatsApp. A samo busasshen ɗan curin ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa daga fangalin da ake zargi, a sa shi a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama, kada a motsa. Idan ya ruguje kawai ruwan ya zauna garau, yumɓun na riƙe da juna. Idan kuwa bayan awa biyu wani hazo mai kama da ruwan koko ya kewaye curin, faifan sun fara watsewa, sai a ɗebi samfurin ƙasar da na ruwan rijiyar a kai wa ma'aikatan gona kafin a sake dasa albasa a wurin.